Mebin Malam Wada

Kausar ba ta kai ga kashe moto ba Ƙande mai fura ta sha gabanta a ƙofar gida, ta dafe kan moton, wato babur ɗin, da hannu biyu.

"Sauko, ɗiyata, sauko. Yau karatunki zai yi mana rana."

"Lafiya dai, Inna Ƙande?"

"Lafiya lau. Babanki ne ya yi Ingilishi, an rasa mai fassarawa."

Kausar ta kashe moton da sauri, don ta san baƙin da suka zo gidansu yau. Ita ce malamar Ingilishi a wata kwaleji ta Magariya, duk yammacin Juma'a take dawowa gida Kwaya. Tun safe tana rubutu a tabulo amma zuciyarta tana zauren babanta, har ɗalibai suka gaji da gyara mata kwanan wata.

Shekara uku ke nan suna son juna da Shafi'u, mai gyaran moto a Magariya. Sau biyu manyansa suna tasowa daga ƙauyensu Tudun Aduwa da goro, sau biyu Malam Wada yana ce musu a'a tun ba su gama gyara zama a tabarma ba. Ba wai yaron yana da wani aibu ba. Laifin na baffansa ne, Mohamman, kuma laifin ya girmi Shafi'u.

A zamanin da Gwaggo Hinda, ƙanwar Malam Wada, take budurwa, Mohamman ne ya nemi aurenta. Aka ba shi, aka sa rana. Da kaka ta yi ya aiko cewa zai kawo gayyar samari su cire wa surukinsa gyaɗa, kamar yadda aka saba. Hinda ta yi daka har hannunta ya yi kanta, ta tuƙa tuwo tukunya-tukunya, ta dama fura. Rana ta take, ta karkata, ta faɗi, ba ganga ba samari. Daga baya aka ji Mohamman ya bi mota ya yi Libiya, ko sallahu bai bari ba. Tuwon nan awaki ne suka ci shi.

A ranar ne Wada ya tsaya a tsakar gida ya rantse da Allah, muddin yana numfashi ɗiyar gidan nan ba za ta shiga gidan su Mohamman ba. Hinda ta yi aure a wani gari, mijin ya rasu, ta dawo gidan yayanta. Har yau ba mai ambaton Tudun Aduwa a gabanta.

Kausar ta iske tsakar gida cike da mata, kowa da aikin da ta ɗauko don kada a ce gulma ce ta kawo ta. Mahaifiyarta, Inna Kulu, tana zaune a kan turmi fuska ba walwala.

"Faɗa mata yadda aka yi, Ƙande, tunda ke ce kunnen gari."

"Ni na kai musu fura, ba a labari na ji ba," in ji Ƙande. "Tsohon da ya jagoranci manyan Shafi'u ya gama jawabinsa ya ce, 'Malam, karo na uku ke nan muna neman iri a gidanka.' Muna jira mu ji a'ar nan tasa mai kama da rufe ƙyaure. Sai Malam ya daɗe yana kallon goron. Can ya ce, 'Mebi.' Ya ɗauki butarsa ya yi masallaci."

"Mebi ya ce?"

"Mebi. Tsofaffin suka kalli juna, suka bar goron a nan suka tafi, don ba su san ko a ɗauka ake yi ko a bari ba."

Malam Wada ya yi gadi a Legas a ƙuruciyarsa. Ya dawo da rediyo da waɗansu 'yan kalmomi da ba ya fito da su sai magana ta matse shi. Da cewa ya yi "za mu duba", kowa a Kwaya ya san an binne zance. Da cewa ya yi "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri", sai a fara tanadin kwanoni. Amma wannan baƙuwar kalma ba wanda ya taɓa auna nauyinta a garin, kuma tsohon ya san da haka sarai.

"To mene ne shi?" Inna Kulu ta tambaya. "E ne, ko a'a?"

Kausar ta ajiye jaka, ta gyara mayafi, malantar ta motsa.

"Kamar wataƙila ne, Inna, amma ba hanya ɗaya ake bi da ita ba. In hadari ya haɗo, Bature ya duba sama ya ce mebi a yi ruwa, to da gaske bai sani ba. Rabi da rabi ke nan."

"Babanki bai taɓa rasa sanin abin da ke ransa ba," in ji Ƙande. "Wuce wannan."

"Akwai wanda za ki gayyata suna, ba ya son zuwa, amma yana jin nauyinki. Shi ma mebi zai ce. Wannan a'a ce, sai dai an sa mata riga."

"Yauwa, ita ce wannan," Inna Kulu ta yi caraf. "Furfurar tsohon ya ji wa nauyi."

"Bara ba furfurar ba ce a kansa, Inna?" Kausar ta faɗa a hankali. "Akwai kuma mai so, amma bai shirya a ji daga bakinsa ba. A kilas ɗina, yarinyar da ta fi kowa iya amsa ita ce take sunkuyar da kai ta ce mebi. A murya ake gane su. Inna Ƙande, jan ta ya yi ko yanke ta ya yi?"

Ƙande ta tsuke baki, ta ɗaure fuska irin ta Malam Wada, ta gwada. Aka ce ta sake, ta sake, ta fito daban. Ta uku kuwa kamar kukan tunkiya, har matan suka riƙe ciki don dariya. Kausar ma ta yi dariyar, hawaye na taruwa a idonta, don shekara uku ba ta taɓa samun ko tsagar ƙofa ba sai yau.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo Hinda tana ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. Ta kakkaɓe zaninta, ta ɗauki faifanta ta shige.

Da mata suka watse, Inna Kulu ta ja ɗiyarta ɗaki ta saki labule.

"Kausar, ki dube ni. Juma'a mai zuwa manyan Munir suna tafe daga Dungas. Yaro mai aiki a meri, ofishin magajin gari, ga mota, ga ladabi, uwarsa ƙawata ce tun muna 'yan mata. Me kike so kuma?"

"Inna, ba na son shi."

"So ake ci? Sa'o'inki duk da goyo, wasu da na biyu. In na shiga gidan biki sai a yi shiru, na san da ni ake. Babanki ya ce ba zai yi miki dole ba, amma in mutane suka zo da mutuncinsu, da wane baki zai kore su? Ya ce musu yana jiran gidan da ya rantse a kansa?"

Kausar ta durƙusa ta kama ƙafar uwarta, kuka ya ƙwace mata.

"Inna, me Shafi'u ya yi? Ranar da aka bar Gwaggo da tuwo ko haihuwarsa ba a yi ba. Lokacin da na yi zazzaɓin nan a Magariya, shi ya rufe garejinsa ya yini a ƙofar likita, ko ruwa bai sha ba. Bai taɓa ce mini gobe ba, goben ta zo bai zo ba. Ni ba zan ƙi maganarku ba, amma wallahi in aka kai ni Dungas gangar jikina kawai za a kai."

Inna Kulu ta kau da kai, don ita ma idonta ya kawo ruwa. Uwa ce, ba dutse ba.

"Ni ba ƙin yaron nake ba. Tsoro nake ji ki tsufa kina jiran kalmar da ko ke da kike koyar da ita ba ki san inda ta dosa ba. Rantsuwa ba wasa ba ce, Kausar. In Juma'a ta yi babanki bai buɗe baki da Hausa ba, ki ba ni alkawari za ki fito ki gaida mutanen Dungas."

Kausar ta daɗe tana sheshsheƙa kafin ta ɗaga kai alamar to.

Tana fita bayan gida salularta ta yi ƙara. Ko sallama Shafi'u bai ƙarasa ba.

"Madam, kin ji? Kin ji abin da Baba ya ce?"

"Na ji. Kada ka yi saurin murna, Shafi'u, kalmar nan..."

"Ni ban yi karatun lakwal mai nisa ba, amma na san moto. Wanda ya mutu ko tari ba ya yi. Wannan ya yi tari, saura a tura shi."

Duk da hawayen da ke fuskarta sai da ta yi murmushi. Ta gaya masa zancen Juma'a da mutanen Dungas. Sai ya jefo mata tambaya.

"Baba ya cire gyaɗarsa?"

"Bai cire ba, ta nuna, yana neman 'yan aiki."

"To ya samu. Jibi Lahadi zan kawo gayya."

"Ka yi hauka? Gayyar suruki sai wanda aka ba. Kuma kai ka fi kowa sanin abin da gayya take nufi a gidanmu."

"Shi ya sa zan kawo ta. Gidanmu ake cewa ba ma zuwa. Ni ba zan roƙi kowa tuwo ba, ba zan shiga zaure ba. Mu cire, mu tara, mu tafi. In ya ga dama ya kore ni da sanda, amma dai a ce na zo. Kwatanta mini gonar kawai."

Tsoro da daɗi suka haɗe wa Kausar.

"Ka san babban gawon nan na hanyar Tudun Aduwa? Gonaki biyu ne a gindinsa, hanya ta raba su. Ta hannun dama ita ce ta Baba."

"Ta dama. An gama."

Da tsohuwar Kwaya ya tambaya, da ta ce masa ta arewa da hanya, shi ke nan, ko ta ina ka ɓullo arewa tana nan inda take. Amma Kausar ta daɗe a lakwal. Ta ba shi damarta ta mai fitowa daga gari, ta manta shi daga ɗaya ɓangaren zai ɓullo.

Ranar Asabar Malam Wada bai ce uffan ba. Goron yana nan a zaure cikin ganyensa, bai raba ba, bai mayar ba. Kausar ta kai masa ruwan alwala tana leƙen fuskarsa, bai ko dube ta ba. Dama ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce "Malama" yana kallon wani wuri.

Lahadi da hantsi ganga ta tashi daga yamma.

Kausar tana wanke-wanke, kwanon ya suɓuce mata. Kiɗan noma ne, da kirari da ihun samari, har da ƙarar motoci. Yara suka kwasa da gudu, mata suka leƙo ta kan danga. Ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗaura ɗankwali ta kwance, tana dariya ita kaɗai.

"Ya zo, Inna. Kin ji? Ya zo."

Inna Kulu ta harare ta, amma ƙafarta na bin gangar a ƙarƙashin zani. A zaure Malam Wada ya ƙara muryar rediyonsa, wai shi labarai yake ji.

Gwaggo Hinda ta fito ƙofar ɗakinta ta tsaya, ta karkata kunne. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Can ta ɗauki sandarta ta fice.

Ba a jima ba sai ga Ƙande ta faɗo gidan, ƙwaryar fura a karkace a kanta.

"Kausar, wa ya nuna wa yaron nan gona? Gamanar Hinda suke cirewa."

"Ta Gwaggo?"

"Ita fa, ta kudu da hanya. Sun ci rabinta, suna ta rawa."

Gamana ita ce 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, kuma ta Gwaggo Hinda ita ce cinta, ita ce suturarta. Bana ma ba ta samu iri da wuri ba, sai da damina ta yi nisa ta shuka. Gyaɗar ba ta gama ƙosawa ba.

Kausar ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Da ta iso gindin gawon gangar ta riga ta mutu. Samari sun fi ashirin, tsaye cirko-cirko da hauyoyi a hannu, ga gyaɗa tsibi-tsibi an kifa ta tana kallon rana. A can arewa da hanya gonar Malam Wada tana zaune lafiya, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba.

Gwaggo Hinda tana tsakiyar gamanarta. Ta sunkuya ta tsinki ƙwaya ɗaya, ta matse ta da yatsa. Ɓawon ya fashe, fari sol, ruwa ya fito. Ta tsinki wata, haka. Waɗansu daga cikin samarin suka fara ja da baya wajen motocinsu, makaɗin ya saƙale gangarsa a bayansa yana neman hanya.

"Wane ne mai gayyar?" ta tambaya, ba ta ɗaga murya ba.

Shafi'u ya ajiye hauya. Zufa ta jiƙe masa riga, ƙasa har gira. Ya tako ya durƙusa a gabanta.

"Ni ne, Gwaggo. Shafi'u, na Tudun Aduwa."

"Na gidan wa?"

"Ɗan ƙanen Mohamman ne ni."

Kausar ta faɗo tsakaninsu ta zube a ƙasa tana kuka.

"Gwaggo, laifina ne. Ni na kwatanta masa, ni na ce dama. Ki yi mini duk abin da za ki yi, shi bai sani ba."

"A'a," in ji Shafi'u. "Manomi ne ni kafin in zama makanike. Tun tushen farko ya kamata in fasa in duba, murna ce ta rufe mini ido. Gwaggo, ina da gyaɗa a Tudun Aduwa, ta fi wannan faɗi, ta nuna. Taki ce bana, ni zan cire in kawo miki har ƙofar ɗaki. Waɗannan kuma ni na kira su, ki bar su su tafi, ni ina nan."

Tsohuwar ta dube shi, ta daɗe.

"Kamanninku ɗaya da shi, har wannan kunnen," ta ce. "Ka san a gindin gawon nan na tsaya ranar? Nan, inda moton can yake. Na ɗauko fura a kai don in tare su, kada su iso da ƙishi. Duk ƙurar da ta taso sai in ce su ne. Har furar ta tsinke a kaina ban sauke ba. Ba auren ne ya fi yi mini ciwo ba, yaro, na yi wani auren, na ji daɗinsa. Tsayuwar ce. Mutanen gari suna wucewa suna yi mini sannu, ni ina ce musu yanzu za su zo."

Hawaye ya gangaro mata ta bar shi. Kausar ta rungume ƙafarta tana kuka, Shafi'u ma kansa a ƙasa, kafaɗunsa na motsi.

"Ɗazu da na ji ganga," Gwaggo ta ci gaba, "na ce bari in je in ga gayyar Tudun Aduwa da idona kafin in mutu, ko daga nesa ne. Ashe a gonata zan same ta."

Sai ga dariya ta kufce mata cikin hawayen, irin wadda Kausar ba ta taɓa ji a bakinta ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta nuna makaɗin da sanda.

"Kai mai ganga, ina za ka? Dawo. Wa ya ce ku tsaya? Rabin gona za ku bar mini kamar kan da aka fara aski? Ku ƙarasa. Ɗanyar gyaɗa dafawa ake yi, zan sayar ranar kasuwa, harawar kuma tumakina sun gode. In kun gama ku tsallaka arewa, can ne aka aiko ku."

Samarin suka kalli juna. Makaɗin ya buga sau ɗaya a tsorace, ya ga ba a hana shi ba, ya saki hannu. Ihu ya tashi, hauyoyi suka koma ƙasa.

Gwaggo ta dubi Shafi'u da ke durƙushe har yanzu.

"Gyaɗar taka kuma ina so, kada ka ɗauka na yafe. Tashi ka yi aiki." Ta juya ga Kausar. "Ke kuma mai dama da hagu, wuce mu je gida."

A hanya Kausar tana ta satar kallon Gwaggo. Tsohuwar tana tafe da sauri kamar ba ita ke kukan gwiwa kullum ba. Ba ta bi ta cikin gida ba, kai tsaye ta shiga zaure, ta miƙa hannu ta kashe rediyon yayanta. Kausar ta laɓe a bayan ƙyaure, ta iske Inna Kulu da Ƙande sun riga ta.

"Yaya, baƙi suna gona da yunwa."

"Ni ban gayyaci kowa ba," in ji Malam Wada. "Na kuma ji ɓarnar da suka yi miki. Gidan nan dai ba su canza ba."

"Sun canza. Wancan bai zo ba, wannan ya zo, ya yi ɓarna, ya tsaya. Abokansa suna neman gudu shi yana durƙushe yana faɗa mini sunan gidansu." Ta zauna a bakin tabarmar. "Yaya, saboda ni ka rantse, na sani, na kuma gode. Amma ni ban sa ka ba. Na zuba ido ina kallon yarinyar nan tana ramewa, kowa yana cewa don Hinda ne. An bar ni da tsayuwa a gindin gawo, yanzu kuma da sunana za a tsayar da wata? Ban yafe wannan ba in ka yi."

Malam Wada ya daɗe yana murza carbinsa.

"Hinda, sunan Allah na kama. Tsofaffin nan suna gabana, bakina ya ƙi faɗin a'a, rantsuwa ta hana ni faɗin e. Me kike so in yi?"

"Abin da malamai suka ce. Wanda ya rantse, ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya bi alherin. Kai ka fi ni sani. Miskinai goma za ka ciyar."

"Waɗancan ƙartin ne miskinai?"

"Wanda bai san gonar surukinsa ba ai abin tausayi ne. Ka fara da su, na ƙofar masallaci su biyo baya, a cika maka goman ka."

Daga yamma gangar tana ƙara matsowa, alamar an tsallaka arewa da hanya. Kausar ta toshe bakinta da mayafi, Inna Kulu ta riƙe mata hannu gam, ta manta da Dungas da motar Dungas.

Sai suka ji motsin tashinsa. Matan uku suka watse, kowacce ta kama abin da ta samu, Ƙande har da tsintsiya a juye. Malam Wada ya ratso tsakar gida bai kalli kowa ba. Ya wuce turaka, ya wuce garken tumaki, ya tsaya a gindin rumbu. A gidan nan ba mai buɗe rumbu sai shi.

"Kulu, riƙe mini tsani."

Inna Kulu ta ruga ta riƙe. Tsohon ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya hau a hankali, ya ture murfin, ya zura rabin jikinsa ciki. Damin gero ya faɗo tim a tsakar gida, wani ya biyo shi, na bayansu ya mirgino har gaban ƙafafun Kausar, waɗanda ke cike da ƙasar gona.

Ta ɗaga kai tana hawaye, bakinta ya kasa haɗa ko kalma ɗaya, ta Hausa ko ta Ingilishi.

Malam Wada ya leƙo daga saman rumbu, ƙaiƙayi a gemunsa, ya kafa ido a kan katanga kamar da ita yake magana.

"Malama, tsayuwa za ki yi? Baƙin mijinki ne, sussukar taki ce."

Guɗar Ƙande ta tsaga gidan, har gangar gona ta amsa.